Kallon Kifin Wel a Juneau Idan Jirgi Ya Yada Zango: Tambayoyi da Amsoshi

Masu shirin shiga jirgin ruwan yawon shaƙatawa zuwa jihar Alaska ta Amurka sukan yi ta maimaita tambayoyi iri ɗaya game da fita kallon kifin wel, musamman a Juneau, babban birnin jihar, inda kusan kowane jirgi ke tsayawa na wasu awoyi. An tattara su a nan daga masu sauƙi zuwa masu ɗan sarƙaƙiya. Za ka lura cewa amsoshi da dama suna komawa kan agogo. Kifin yana nan, ba ya gudu. Jirginka ne ke tafiya.

Wane irin kifi ne ake biyan kuɗi don a je a gani?

Wanda aka fi gani a ruwan Juneau shi ne wel mai doro. Ba kifi ba ne na haƙiƙa: da huhu yake numfashi, haihuwa yake yi, yana kuma shayar da ɗansa. Tsawon babba yakan kai mita 12 zuwa 16, kamar tirela da kayanta, nauyinsa kuma tan 30 zuwa 40. Ba shi da haƙora, sai wasu faifai masu gashi a baki da yake tace ƙananan kifaye da jatan lande da su.

Akwai kuma oka, wani nau'in wel mai launin baƙi da fari, wanda ke yawo cikin dangi. Shi ba a iya yin alkawarin ganinsa, domin ratsawa yake yi ya wuce. A hanya akan ga zakin teku yana kwance a kan duwatsu ko alamomin ruwa, da mikiya mai farin kai wadda take tambarin Amurka.

Me ya sa ake yawan cewa a yi shi a Juneau?

Abinci ne ke tara su. Wel mai doro yakan yi hunturu a ruwan Hawai mai ɗumi, inda yake haihuwa amma kusan ba ya cin komai. Da bazara ta shigo sai ya yi iyo na kusan kilomita 4,800 zuwa kudu maso gabashin Alaska, ya yi watanni yana cika ciki. Mashigin ruwan da ke kewaye da Juneau, irin su Stephens Passage da Lynn Canal da gefen tsibirin Shelter, na daga cikin wuraren kiwonsa. Wasu suna dawowa wuri ɗaya kowace shekara, har direbobin jiragen sun san su da zanen da ke ƙarƙashin wutsiyarsu, wanda kowane ɗaya yake da irin nasa.

Dalili na biyu shi ne tsibirai da duwatsu sun kare ruwan daga babban teku, saboda haka igiya ba ta da ƙarfi sosai.

Wane wata ya fi?

Daga Mayu zuwa Satumba duk ana gani. Yuni, Yuli da Agusta su ne tsakiyar kakar kallon. Jiragen da ke zuwa a ƙarshen Afrilu ko cikin Oktoba sun fi araha, amma a farkon kaka wasu kifayen ba su ƙaraso ba, a ƙarshenta kuma ruwan sama da iska sun fi yawa. Safiya ko yamma ba ta da wani tasiri ga kifin, yana kiwo a kowane lokaci. Tasirinta ga jadawalinka ne, kamar yadda amsar lissafin lokaci ta nuna a ƙasa.

In kama wuri ta hannun kamfanin jirginmu, ko in nemi kamfanin gari da kaina?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace jawo gardama. Da farko ka sani cewa babban jirgin ba shi da nasa jiragen kallon kifi. Kwangila yake ba kamfanonin Juneau, ya ɗora ribarsa a kai. Ruwa ɗaya ake shiga, kifi ɗaya ake kallo, wani lokaci ma za ka ga jirgin waɗanda suka saya ta can yana tsaye kusa da naku.

Abin da ƙarin kuɗin ke saya maka shi ne kwanciyar hankali. Idan fitar da ka saya ta hannun jirgi ta makara, ko mota ta lalace a hanya, jirgin zai jira ku, ko kuma kamfanin ya ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Idan aka canja lokacin isowa, su ne za su gyara maka tikiti ba tare da ka buga waya ko ɗaya ba. Wanda ya kama wuri da kansa ba shi da wannan rigar kariya. Jirgi ba ya jiransa.

Duk da haka, kamfanonin gari da wannan sana'a suke ci, sun haddace jadawalin kowane jirgi, kuma wanda ya sa fasinja ya rasa jirgi ya kashe kasuwarsa da hannunsa. Shawarata ita ce: idan jirginku zai yi awa 8 ko fiye a Juneau, kuma ka samu fita ta farkon rana, kamfanin gari ya fi, don sauƙin kuɗi da ƙarancin cunkoso. Idan tsayuwar gajera ce, ko fitar da ta rage ta dab da tashi ce, ko kana tare da tsofaffi da yara da ba za su iya sauri ba, biya ƙarin ka huta.

Yaya zan lissafa lokacin da nake da shi a ƙasa?

Kada ka ɗauki lokacin da aka rubuta a takarda yadda yake. Idan an ce jirgi zai iso ƙarfe 1 na rana ya tashi ƙarfe 9 na dare, ba awa 8 gare ka ba. Kafin a ɗaure jirgi, a saukar da matakala, dubban mutane su bi layi, rabin awa zuwa minti 45 sun tafi. A ɗaya gefen kuma, akan buƙaci kowa ya dawo cikin jirgi minti 30 kafin tashi. Wannan lokacin na dawowa shi ne iyakarka, ba lokacin tashi ba.

Sai kuma tazara. Jiragen kallon kifi ba a cikin gari suke ba. Daga Auke Bay suke tashi, wajen kilomita 20 arewa da inda manyan jirage ke tsayawa, tafiyar kusan rabin awa a mota. Fita ta yau da kullum takan ci awa 3 zuwa 3 da rabi daga ɗauka zuwa saukewa, awa 2 da ɗoriya daga ciki a kan ruwa. Saboda haka kada ka kama fitar da za ta fara ƙasa da awa guda bayan isowar jirgi, kuma ka bar aƙalla awa ɗaya da rabi tsakanin dawowarka da lokacin shiga. Da sanyin safiya ake kama fara: fitar farko ta fi, domin in wani abu ya ɓaci, sauran yinin yana hannunka.

Ka kuma tambayi inda jirginku zai tsaya. Juneau na da matsayai da dama. Mafi nisa, wanda ake kira AJ, yana da kusan kilomita ɗaya da rabi daga tsakiyar gari, sai an hau motar jigila ko an taka. Kamfanonin gari da yawa suna tara fasinjojinsu ne a gindin keken igiya mai hawa Dutsen Roberts. Idan kuma jirgin zai tsaya a tsakiyar ruwa ne a riƙa kwaso mutane da ƙananan jirage, ƙara wata awa a lissafinka, domin waɗanda suka saya ta hannun jirgi ake fara saukewa.

Da agogon wa zan yi aiki, na jirgi ko na gari?

Alaska tana bayan Seattle da Vancouver, biranen da jiragen ke tasowa daga cikinsu, da awa ɗaya, kuma a lokacin bazara tana bayan Najeriya da Nijar da awa 9. Jirage sukan gyara agogonsu su dace da na gari, amma waya takan ruɗe a tsakiyar ruwa. Kamfanin gari da agogon gari yake magana, jirgi kuma da nasa yake tashi. Kafin ka sauka, dubi allon da ke bakin matakala, ka ɗauki hotonsa, ka daidaita agogon hannunka da shi.

Tun yaushe ya kamata in kama wuri?

Da zarar ka biya kuɗin jirgi ka ga jadawalin tashoshi. Juneau gari ne mai mutum kusan 32,000, amma a shekarar 2023 fasinjojin jiragen shaƙatawa sama da miliyan 1 da dubu 600 suka sauka a cikinsa. Cunkoson ya kai har hukumomin garin suka yi yarjejeniya da kamfanonin jirage cewa daga 2024 manyan jirage kada su wuce 5 a rana. Ko da hakan, ranar da biyar ɗin suka haɗu, kujerun ƙananan jiragen kallo sukan ƙare tun watanni kafin ranar.

Akwai rumfunan sayar da tikiti a bakin tasha, kuma akan dace a samu wuri a ranar. Sai dai abin da ya rage za ka samu, ba abin da ka zaɓa ba.

Nawa ake biya, kuma me kuɗin ya ƙunsa?

Farashi yana canjawa kowace kaka, amma ga babba ka sa ran wani abu tsakanin dala 150 zuwa 250. Na kamfanin gari yakan zauna a ƙasa, na hannun jirgi da na ƙananan jirage a sama. Kafin ka biya, tabbatar ko kuɗin ya haɗa da motar kai da kawowa, da harajin gari, domin wasu sai a shafin ƙarshe suke ƙara shi.

Akwai kuma tukuici. A Amurka al'ada ce mai ƙarfi, ma'aikata suna lissafa shi cikin abin da suke samu. Kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ake yawan bayarwa ga direban jirgi da mai bayani, da ɗan wani abu ga direban mota. Riƙe tsabar kuɗi a aljihu.

Babban jirgin kallo ya fi ko ƙarami?

Iri uku ne a taƙaice. Akwai masu hawa biyu da ke ɗaukar mutum ɗari ko fiye, da ɗaki mai ɗumi, da banɗaki mai faɗi, ba sa kuma girgiza sosai. Akwai matsakaita na mutum 20 zuwa 50. Sai ƙananan da lasisin direbansu ya taƙaita su ga fasinja 6.

A ƙaramin jirgi kana kusa da fuskar ruwa, kana jin ƙarar numfashin kifin, ba mai tare maka gaba da waya, kuma direba zai amsa tambayarka kai tsaye. A babba, duk lokacin da aka ce ga shi can, mutane sukan ruga gefe ɗaya, gajere ya sha wahala. Amma kada ka biya kuɗin ƙarami da tunanin zai fi kusantar kifin. Doka ɗaya ce a kan kowa, duba amsar da ke kan tazara. Ga mafi yawan iyalai, matsakaici ya wadatar.

Tabbas zan ga kifin? Na ga ana tallar "garanti".

A tsakiyar kaka, da wuya a fita a dawo ba a gani ba, shi ya sa kamfanoni da yawa ke alkawarin mayar da kuɗi ko wani ɓangare nasu. Direbobi suna magana da juna ta rediyo, wanda ya gani ya gaya wa saura. Karanta sharaɗin da kyau: tikitin sake fita kyauta ba shi da amfani ga wanda jirginsa zai tashi da daddare.

Abin da garantin bai ƙunsa ba shi ne irin abin da ke jikin hoton talla. Abin da aka saba gani shi ne feshin numfashi yana tashi kamar hayaƙi, sai baƙin doro ya lanƙwasa, sai wutsiya ta ɗaga ta nutse. Daga nan a jira minti 5 zuwa 10 kafin ya sake fitowa, wataƙila a wani gefen. Tsalle daga ruwa gaba ɗaya rabo ne. Haka ma farautar taron dangi, inda kifaye da dama ke kewaye garken ƙananan kifi da kumfa, sannan su taso tare baki buɗe. Ana yin ta a wannan yanki, amma ba kullum ba. Wanda ya tafi da niyyar ganin wutsiya zai dawo da murna. Wanda ya tafi da hoton talla a ka zai ce an cuce shi, alhali ba a cuce shi ba.

Yaya kusancin da za mu yi da shi?

Dokar tarayya ta 2001 ta hana kusantar wel mai doro ƙasa da yadi 100 a ruwan Alaska, wato kusan mita 91. Ta kuma hana tare masa hanya, ta wajabta tafiya a hankali a kusa da shi. Wannan ƙari ne a kan dokar kare dabbobin ruwa masu shayarwa ta 1972. Idan jirgi ya tsaya, kifin da kansa ya matso, ba laifi, kuma hakan na faruwa.

Akwai wani shiri na sa kai mai suna Whale SENSE, wanda NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, ke cikin masu kula da shi, inda kamfanoni ke horar da ma'aikatansu su kuma taƙaita daɗewa a kan kifi ɗaya. Ganin tambarinsa a shafin kamfani alama ce mai kyau. Kamfanin da ya yi maka alkawarin kai ka har ka kusa taɓa kifi, bar shi. Tun da tazarar ke nan, madubin hangen nesa ya fi waya amfani. Wasu jiragen suna ba da aro.

In haɗa da ziyarar ƙanƙarar Mendenhall?

Mendenhall wani makeken kogin ƙanƙara ne da ke gangarowa daga duwatsu zuwa tafki, kuma yana kusa da hanyar Auke Bay, shi ya sa ake sayar da su tare. Haɗin yakan ci wajen awa 5. Idan lokacinka a ƙasa, bayan ka cire abin da aka bayyana a amsar lissafi, bai kai awa 7 ba, zaɓi ɗaya. Ka kuma tambayi minti nawa za a ba ku a wurin. Zuwa magangarar ruwa ta Nugget da dawowa tafiyar kusan kilomita 3 ce a ƙasa, wanda aka ba minti 45 sai dai ya hango ta daga nesa.

Me zan sa, kuma yaya batun jiri?

Juneau tana cikin dajin Tongass, mai yawan ruwan sama, kuma ba a fasa fita saboda yayyafi. Ko a Yuli zafi kan tsaya tsakanin digiri 10 zuwa 18, a kan ruwa kuma iska na ƙara sanyi. Sa kaya bisa kaya: riga ta ciki, suwaita, sai rigar ruwa mai hula. Lema ba ta da amfani a iska. Babbar riga da mayafi mai faɗi iska za ta yi ta wasa da su, gara hijabi mai kama jiki da wando a ƙarƙashin doguwar riga. Takalmi ya zama rufaffe, mara santsi.

Ruwan a kwance yake galibi, amma mai saurin jiri ya sha magani awa guda kafin a tashi, ba bayan ciki ya fara juyawa ba. Wasu magungunan suna sa barci, kuma mai juna biyu ko mai shan wani magani ya tambayi likita tukuna. Citta na taimaka wa wasu. Fita waje a kalli nesa ya fi zama a ciki ana duba waya.

Za a iya zuwa da ƙananan yara ko mai keken guragu?

Manyan jiragen kallo suna karɓar yara, wasu ƙananan kuwa suna da iyakar shekaru. Ga mai keke, rubuta wa kamfanin kafin ka biya. Matsalar ba jirgin kaɗai ba ce: gadar da ake bi a sauka zuwa gare shi takan yi gangare sosai idan ruwa ya janye, kuma ba kowace mota ke da abin ɗaga keke ba.

Salla fa, da abinci?

A ƙarshen Yuni rana takan wuce awa 18 a sama a Juneau, tana fitowa kafin ƙarfe 4 na asuba, ta faɗi bayan 10 na dare. Lokutan salla sun bambanta ƙwarai da na gida, don haka sauke jadawalin garin a waya tun kana da intanet. Jirgin kallo ba shi da filin shimfiɗa darduma, gara ka yi alwala da salla a ɗakinka kafin ka sauka ko bayan ka dawo, ga kuma rangwamen da matafiyi yake da shi. Abin da ake bayarwa a jirgin ba ya wuce shayi, kofi da ɗan abin taɓawa. Ci ka ƙoshi kafin ka fito.

Idan jirginmu ya fasa tsayawa a Juneau, kuɗina sun tafi?

Iska, hazo ko matsalar inji kan sa a tsallake tasha ko a makara. Wanda ya saya ta hannun jirgi, kuɗinsa kan koma asusunsa na cikin jirgi kai tsaye. Kamfanonin gari masu mutunci ma suna mayarwa gaba ɗaya idan jirgi bai zo ba, amma ka ga hakan a rubuce kafin ka biya. Ba su sunan jirginka da ranar isowa lokacin kama wuri, ka ajiye lambarsu, ka kira da zarar an sanar da canji. Idan ta wani shafin dillalai ka saya, sharaɗin dillalin ne zai yi aiki, wanda ba lalle ya zo ɗaya da na kamfanin ba.

Idan na makara jirgi ya tafi ya bar ni fa?

Nemi wakilin jirgin a tasha. Sunansa da lambarsa suna cikin takardar shirin yini da ake rabawa, ɗauki hotonta kafin ka sauka. Shi zai gaya maka yadda za ka cim ma jirgin, amma daga aljihunka. Juneau ba ta da titin da ya haɗa ta da sauran duniya, duk da cewa ita ce babban birnin jihar. Sai jirgin sama ko na ruwa. Saboda haka kada ka sauka ba katin banki, da maganin da kake sha kullum, da fasfo, musamman idan tasha ta gaba a Kanada take.

Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana buƙatar wata takarda ta daban?

Fitar kallon kifi ba ta buƙatar komai bayan katin jirginka da shaidar hoto. Tafiyar kanta ce ke buƙata. Wata dokar Amurka ta 1886 ta sa jiragen da ke ɗauke da tutar wata ƙasa dole su taɓa tashar waje, shi ya sa waɗanda ke tashi daga Seattle suke tsayawa a Victoria ta Kanada, wasu kuma daga Vancouver suke farawa. Mai irin wannan fasfo yakan buƙaci bizar Amurka da ta Kanada duka biyu, ko da bai yi niyyar sauka a Victoria ba, kuma ba tare da su ba za a hana shi shiga jirgi tun daga farko. Mai katin zaman dindindin na Amurka ba ya buƙatar bizar Kanada. Dokokin bizar Amurka ga ƙasashenmu sun sha canjawa a 'yan shekarun nan, don haka tabbatar da biza kafin ka biya kuɗin da ba a mayarwa.

Jirginmu zai tsaya a tashoshi da yawa. A wacce zan yi kallon?

Idan jadawalinku ya haɗa da Icy Strait Point, kusa da ƙauyen Hoonah, ka yi tunani a kanta. Tashar mallakar kamfanin 'yan asalin yankin ce, mutanen Tlingit, kuma Point Adolphus da ke kusa wurin kiwon wel ne sananne. Ba doguwar tafiyar mota, jirage ba su kai na Juneau yawa ba, sannan garin ba shi da abubuwan yi da yawa da za su yi gasa da lokacinka. Yin kallon a can zai bar maka yinin Juneau don Mendenhall da keken igiya.

Sitka ma ana gani, amma tana fuskantar babban teku, igiya ta fi ƙarfi. Skagway ta jirgin ƙasan White Pass ce, Ketchikan kuma an fi zuwa don wasu abubuwan. Victoria ta yi suna wajen oka, sai dai jiragen Seattle da dama da yamma suke isa can, su yi 'yan awoyi su wuce, lokacin da ba zai ishi fita ruwa ba. Idan tasha biyu suka dace, kama ta farko a jadawali, ta biyun ta zama madogara idan yanayi ya ɓata ta farkon.